ALLURAR MUTUWA A MA'AUNIN TSARIN MULKIN AMURKA: KWATANCI DA SAURAN HANYOYIN ZARTAR DA HUKUNCIN KISA

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta duba matsayin da allurar mutuwa take da shi a tsarin mulkin Amurka, idan aka kwatanta ta da rataya, da harbi, da kujerar lantarki, da iskar guba. Ya kamata mu faɗa tun da farko cewa ba za mu shiga muhawarar halalcin hukuncin kisa shi kansa ba. Kotun Ƙolin Amurka ta dakatar da shi a 1972 a shari'ar Furman, sa'an nan ta mayar da shi a 1976 a shari'ar Gregg. Abin da ya dame mu a nan shi ne wata tambaya da ke biye da waccan, wato idan har hukuma tana da ikon ɗaukar ran mai laifi, ta wace hanya aka yarda ta ɗauka, kuma wane ma'auni ne alƙalai suke amfani da shi wajen gane hanyar da ta wuce gona da iri?

Tushen maganar shi ne Gyara na Takwas na tsarin mulkin Amurka, wanda ya fara aiki a 1791, ya kuma hana horo na mugunta wanda ba a saba da shi ba. An ɗauko lafazinsa ne daga dokar 'yanci ta Ingila ta 1689. Abin lura shi ne, tun daga wancan lokaci Kotun Ƙoli ba ta taɓa soke wata hanyar kisa da wata jiha ta zaɓa ba bisa dalilin mugunta. Za mu yi ƙoƙari mu nuna cewa allura ta tsira a gaban kotu ne ba don an tabbatar ta fi sauran hanyoyi sauƙi ba. Ta tsira ne domin kotun ta sake ma'aunin, ta ɗora wa fursuna nauyin kawo hanyar da za a kashe shi da ita.

2.0 Tsofaffin Hanyoyi a Gaban Kotu

Shari'a ta farko ita ce ta Wallace Wilkerson, wanda aka yanke wa hukuncin harbi a yankin Yuta. A 1879 kotu ta ce harbi ba ya cikin horon mugunta. Abin da aka hana, in ji ta, shi ne irin azabobin da aka san sarakunan Ingila da su a zamanin da, kamar farke cikin mutum yana raye, da datsa shi gida huɗu, da ƙona shi da ransa. Da ranar ta zo, harsasan ba su sami zuciyar Wilkerson ba, ya daɗe yana zubar da jini kafin rai ya yi halinsa.

Bayan shekara goma sha ɗaya sai Jihar Niyok ta fito da kujerar lantarki, aka kai ƙarar William Kemmler gaban kotu a 1890. A nan ne kotun ta yi bayanin da ake ta komawa gare shi, cewa horo yana zama mugunta idan ya ƙunshi azabtarwa ko mutuwa ta jan rai, wato abin da ya ɗara ɗauke rai kawai. Amma ta ƙi hana Niyok, domin a lokacin ana ganin Gyara na Takwas gwamnatin tarayya kaɗai ya ɗaure, kuma majalisar jihar ta zaɓi lantarki ne da niyyar sauƙaƙa wa mai mutuwa. Ranar 6 ga Agusta, 1890, aka saki wa Kemmler wuta a gidan yarin Auburn, aka tsayar, sai aka ga yana numfashi, aka sake sakar masa har jikinsa ya soma ƙonewa.

Shari'a ta uku ta fi su ban tausayi. Willie Francis yaro ne baƙar fata ɗan shekara 17 a Jihar Luwiziyana. A watan Mayu na 1946 aka ɗora shi a kujera aka saki wuta, amma saboda ba a haɗa kujerar daidai ba sai ya sha azaba bai mutu ba. Lauyansa ya ce sake ɗora shi mugunta ce. Alƙalai biyar daga cikin tara suka ce tsautsayi ne, tsautsayi kuwa ba mugunta ba ne tun da ba da gangan aka yi ba. An kashe shi a watan Mayu na 1947. Mai Shari'a Frankfurter, wanda ƙuri'arsa ce ta cika biyar ɗin, ya koma a asirce yana neman a roƙi gwamnan jihar ya yi wa yaron afuwa, bai kuwa yi nasara ba.

Daga waɗannan shari'o'i uku za mu ga abu biyu. Na ɗaya, kotun ta fi duban niyyar hukuma bisa ga abin da jikin fursuna ya ji. Na biyu, kowace sabuwar hanya da sunan jinƙai take shigowa. Haka lantarki ya maye gurbin igiya, haka kuma ɗakin iskar guba ya shigo a Jihar Nebada a 1924.

Ko da yake Kotun Ƙoli ba ta soke wata hanya ba, ƙananan kotuna sun yi. Wata kotun tarayya ta haramta ɗakin iskar guba na Kalifoniya a 1994. Kotun ƙolin Jihar Jojiya ta soke kujerar lantarki a 2001, ta Nebraska ta bi sahu a 2008, dukkansu biyu bisa tsarin mulkin jihohinsu. A Fulorida, inda wuta ta tashi a kan Pedro Medina a 1997, Kotun Ƙoli ta karɓi ƙara a kan kujerar a 1999, sai jihar ta yi maza ta koma wa allura a farkon 2000, ƙarar ta mutu. Wato dai jihohi sun riƙa barin tsohuwar hanya kafin kotu ta kai ga furta kalma a kanta, allura kuwa ita ce mafakar da duk suka gudu zuwa gare ta.

3.0 Asalin Allura da Yadda Take Aiki

Tunanin kisa da allura ba sabo ba ne. Hukumar da Ingila ta kafa don binciken hukuncin kisa tsakanin 1949 da 1953 ta duba shi ta ƙi shi, saboda wahalar samun jijiya a jikin wasu mutane da kuma ƙin amincewar likitoci. A Amurka, Jihar Oklahoma ce ta fara sa shi a doka a 1977. Kujerarta ta lantarki ta lalace, gyaranta yana bukatar kuɗi masu yawa, sai wani ɗan majalisa ya nemi shawarar Dokta Jay Chapman, babban likitan binciken gawa na jihar, shi kuwa ya tsara masa abin da za a rubuta a doka. Ba a yi wani gwaji na kimiyya ba kafin a zartar. Teksas ce ta fara aiwatarwa ranar 7 ga Disamba, 1982, a kan Charles Brooks, sauran jihohi kuma suka kwafi tsarin kusan yadda yake.

Tsarin da ya yaɗu ya ƙunshi magunguna uku da ake ɗura wa mutum a jijiya bi da bi. Na farko, sodiyam tayofental, shi ne mai gusar da hankali. Na biyu, fankuroniyam, yana shanye duk tsokar jiki har da wadda ake numfashi da ita. Na uku, fotasiyam kulorayid, yana tsayar da zuciya. Duk rigimar shari'a a kan dangantakar waɗannan uku ta rataya. Idan na farko ya kama sosai, mutum ba zai ji sauran biyun ba. Idan kuwa bai kama ba, ko don allurar ta zame daga jijiya ta shiga tsoka, ko don an yi kuskure wajen haɗi, to mutum zai ji ana shaƙe shi, zai kuma ji fotasiyam yana bin jijiyarsa kamar wuta, amma ba shi da ikon ko ɗaga yatsa balle ya yi kururuwa, domin magani na biyu ya riga ya ɗaure shi. Masu kallo ta bayan gilashi za su ga mutum yana barci salin-alin.

A ganinmu a nan ne bambancin allura da sauran hanyoyi yake. Idan igiya ta yi kuskure, ko lantarki, ko bindiga, kowa a wurin zai gani. Allura kuwa tana ɗauke da maganin da ke rufe kuskurenta. Maganin shanye jiki ba ya ƙara wa fursuna sauƙi da komai, mai kallo yake hutarwa. Daɗin daɗawa, ƙa'idar aikin likita a Amurka ta hana likitoci sa hannu a kisa, don haka aikin da ke bukatar gwanin neman jijiya sau da yawa yakan faɗa hannun wanda bai ƙware ba. A Ohayo a 2009 an shafe kimanin awa biyu ana soka wa Romell Broom allura har sau 18 ba a sami jijiya ba, aka mayar da shi ɗakinsa da rai.

4.0 Yadda Aka Sake Ma'auni: Baze, Glossip da Bucklew

A 2008 ne Kotun Ƙoli ta fara duban allura kai tsaye, a ƙarar Ralph Baze na Jihar Kentaki, wanda ya kashe jami'an tsaro biyu a 1992. Ɓangarorin biyu sun amince cewa idan an ba da maganin farko daidai babu azaba, idan kuwa ba a ba da shi daidai ba azabar ta kai matsayin da tsarin mulki ya hana. Alƙalai bakwai suka goyi bayan jihar. Alƙalin Alƙalai John Roberts ya rubuta cewa yiwuwar kuskure kawai ba ta isa ba, sai fursuna ya nuna akwai babban haɗari na mummunar cuta, kuma ya nuna wata hanya mai yiwuwa, mai sauƙin aiwatarwa, wadda za ta rage haɗarin ƙwarai. Mai Shari'a Stevens ya bi masu rinjaye saboda biyayya ga hukunce-hukuncen baya, amma ya yi tsokaci cewa abin kunya ne Kentaki ta kashe mutum da maganin shanye jiki alhali ba za ta yarda a kashe dabbar gida da shi ba.

Ba a jima ba sai maganin farkon ya ɓace daga kasuwa. Kamfanin Hospira, wanda shi kaɗai ke yin sa a Amurka, ya daina a farkon 2011, Tarayyar Turai kuma ta sa takunkumi a kan fitar da irinsa a ƙarshen wannan shekara. Wasu jihohi suka koma wa fentobabital, wasu kuma midazolam, wanda asalinsa maganin kwantar da hankali ne, masana da dama kuma suna ganin komai yawansa ba ya kai mutum zurfin suman da zai hana shi jin zafi mai tsanani. Shekarar 2014 ta zo da abubuwa marasa daɗin ji. A watan Afrilu Clayton Lockett ya farka yana murɗe-murɗe a kan gado a Oklahoma, ya mutu bayan minti 43. A watan Yuli Joseph Wood ya yi kusan awa biyu yana haki a Arizona.

Wannan ne ya haifar da shari'ar Richard Glossip ta 2015. Da ƙuri'a biyar da huɗu kotu ta amince da midazolam. Mai Shari'a Alito ya gina hujjarsa kamar haka: tun da tsarin mulki ya halatta hukuncin kisa, to lalle ne a sami halattacciyar hanyar zartar da shi, saboda haka duk fursunan da ya ƙalubalanci wata hanya dole ya ambaci wata da ake iya samu. Abin da a shari'ar Baze ake iya ɗauka a matsayin ra'ayin alƙalai uku ya zama sharaɗi tabbatacce ke nan. Mai Shari'a Sotomayor ta mayar da martani cewa bisa wannan ƙa'ida ko da jiha ta ce za ta ƙona mutum da ransa, ba shi da ta cewa muddin ya kasa kawo wata hanya. Ba laifi mu ambata a nan cewa shi wannan Glossip, a watan Fabrairu na 2025 Kotun Ƙoli ɗin ta soke hukuncin da aka yi masa ta ce a sake shari'a, saboda masu gabatar da ƙara sun bar shaidar ƙarya ta wuce ba su gyara ba.

Ta uku ita ce ta Russell Bucklew na Jihar Misuri a 2019. Shi yana da wata cuta ta kumburin jijiyoyin jini a maƙogwaro da baki, ya ce idan aka yi masa allura kumburin zai fashe ya shaƙe da jininsa. Wato ba allurar gaba ɗaya yake ƙalubalanta ba, yin ta a jikinsa yake ƙalubalanta. Mai Shari'a Gorsuch ya ce sharaɗin ya hau kansa shi ma. Ya ƙara da cewa Gyara na Takwas bai yi wa kowa alkawarin mutuwa marar zafi ba, abin da ya hana shi ne a ƙara wa kisa wata azaba, ko firgita, ko wulakanci, bisa abin da ɗauke rai yake bukata. Ya kafa hujja da rataya, wadda ita ce hanyar da aka sani a 1791, kuma kowa ya san ba kullum take kashewa nan take ba. An kashe Bucklew a watan Oktoba na wannan shekara.

Adalci ne mu ce hujjar masu rinjaye ba ta banza ba ce. Ba a cewa abu ya yi tsanani sai da abin kwatanci, kuma idan aka bar ƙofa a buɗe, za a yi ta soke hanyoyi ɗaya bayan ɗaya har a kashe hukuncin kisa ta bayan gida, alhali majalisun jihohi ba su soke shi ba, dangin waɗanda aka kashe kuma suna jira shekara ashirin ko talatin. Amma akwai inda hujjar take ɗingishi. Sauran haƙƙoƙin da ke cikin tsarin mulki ba a ce wa mai neman su sai ya koya wa hukuma yadda za ta cim ma burinta ta halattacciyar hanya. A nan kuwa lauyan da aikinsa shi ne ceton ran mutum, shi ake cewa ya tsara yadda za a kashe shi. Likitan da zai ba da shaida kuma ƙa'idar aikinsa ta hana shi ba da shawarar hanyar kisa. Bugu da ƙari, jihohi da yawa sun yi dokokin ɓoye sunan inda suke sayo magunguna, sai ga fursuna ana neman ya tabbatar da haɗarin abin da aka hana shi sanin asalinsa.

5.0 Abin da Kwatancin Ya Haifar

Tun da kotu ta ce a kwatanta, bari mu kwatanta. Farfesa Austin Sarat, a wani littafi da ya fitar a 2014, ya bi diddigin kisan da aka zartar a Amurka daga 1890 zuwa 2010, ya sami cewa kimanin kashi 3 cikin 100 sun gamu da tangarɗa. Allura ce ta fi kowace hanya, da kimanin kashi 7 cikin 100. A harbi 34 da ya ƙirga bai sami ko ɗaya ba. Sai dai a yi hattara da wannan lissafi, domin 34 adadi ne kaɗan, abin da ya sami Wilkerson ya faru kafin shekarun da aka ƙirga, kuma ma'anar da ya ba tangarɗa tana da faɗi har ta haɗa da jinkirin samun jijiya. Wani binciken kuma, wanda gidan rediyon NPR ya fitar a 2020 bayan duba rahoton binciken gawa fiye da 200, ya sami alamar taruwar ruwa a huhu a kashi 84 cikin 100 na waɗanda aka yi wa allura. Idan mutum yana da sauran hankali a lokacin da huhunsa ke cika, abin da zai ji shi ne irin na wanda ke nutsewa a ruwa. Ko yana da sauran hankalin ko babu, a nan ne masana ɓangarorin biyu suke saɓani a kotu.

Su kansu fursunoni sun yi nasu kwatancin. A Tenesi, tsakanin 2018 da 2020, mutum biyar sun zaɓi kujerar lantarki don gudun allurar midazolam. A 2022, a shari'ar Michael Nance na Jojiya, Kotun Ƙoli ta yarda fursuna ya gabatar da harbi a matsayin madadi ko da dokar jiharsa ba ta san da shi ba. Kotun ƙolin Karolina ta Kudu ta halatta harbi da lantarki a 2024, sai ga Brad Sigmon ya zaɓi bindiga, aka harbe shi ranar 7 ga Maris, 2025, karo na farko a ƙasar tun 2010. Wata guda bayan haka aka harbe Mikal Mahdi a jihar, lauyoyinsa suka ce binciken gawa ya nuna harsasan ba su sami zuciya sosai ba, hukumar gidan yari kuwa ta musanta an yi kuskure. A Aidaho, inda aka kasa samun jijiyar Thomas Creech a 2024, an yi doka a 2025 wadda ta ɗora harbi a gaban allura.

Labarin Kenneth Smith na Alabama shi ya fi nuna inda ƙa'idar take kai mutum. A watan Nuwamba na 2022 aka ɗaure shi a gado awoyi ana neman jijiya ba a samu ba. Domin ya cika sharaɗin Glossip, iskar naitirojin ce ya ambata a ƙararsa a matsayin madadi, hanyar da dokar jihar ta tanada amma ba a taɓa gwada ta a kan kowa ba. Jihar ta kama shi da maganarsa. Ranar 25 ga Janairu, 2024, aka sa masa takunkumin fuska aka buɗe iskar. Hukuma ta yi hasashen zai suma cikin daƙiƙoƙi, amma shaidun gani da ido sun ce ya yi mintoci yana girgiza. Sotomayor, a ƙin yardarta, ta ce an mayar da shi zakaran gwajin dafi. An yi gudun gara ke nan an faɗa wa zago. Shekara 77 bayan Willie Francis, kotun ta sake barin a mayar da mutum ɗakin kisa karo na biyu, Luwiziyana kuma ta bi Alabama a kan naitirojin a watan Maris na 2025.

6.0 Inda Maganar Ta Shafe Mu

Ba don nesa ba za mu ce wannan ba ruwanmu. Sashe na 402 na Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta Tarayyar Nijeriya ta 2015 ya tanadi cewa ana zartar da hukuncin kisa ta hanyar rataya ko ta allura, amma sashen bai faɗi wane magani ba, ko nawa ne adadinsa, ko wane ne zai soka. Kotun Ƙolinmu ta tabbatar da halalcin hukuncin kisa a shari'ar Onuoha Kalu a 1998, Kotun Ɗaukaka Ƙara kuwa ta riga ta ce, a shari'ar Peter Nemi ta 1996, wanda aka yanke wa hukuncin kisa bai rasa haƙƙinsa na kariya daga azabtarwa ba.

Ranar da aka kawo ƙara a kan allura a kotunanmu, lauyoyin gwamnati za su ɗauko Baze da Glossip, domin al'adarmu ce mu duba hukuncin wasu ƙasashe. Ya kamata alƙalin da zai saurara ya lura cewa lafazin sashe na 34 na tsarin mulkin 1999 ya bambanta da na Amurka. Namu ya hana azabtarwa da duk wata mu'amala ta rashin imani ko ta ƙasƙanci, ya kuma ɗaure su da mutuncin ɗan Adam. Babu maganar abin da aka saba ko ba a saba da shi ba, wadda ita ce ta ba Gorsuch damar komawa ga igiyar 1791 ya mayar da ita ma'auni, kuma babu inda sashen ya ce sai mai ƙara ya kawo wa hauni wata hanya kafin a saurare shi.